Wasan Yaƙi a Kwamfuta: Abin da Ya Nuna da Abin da Ya Ɓoye

A cikin wasannin da samari ke yi a kwamfuta akwai wani iri wanda ake ce da shi wasan harbi da idon soja. Dalilin sunan kuwa shi ne, mai wasa ba ya ganin jikin sojan da yake sarrafawa. Abin da yake gani a allo shi ne hannuwa biyu riƙe da bindiga, da filin daga shimfiɗe a gabansa, kamar dai shi ne ya sa kaki ya shiga. Ɗaya daga cikin mashahuransu shi ne Call of Duty 2, wanda kamfanin Infinity Ward na Amurka ya shirya, kamfanin Activision ya fitar a 2005. Shi za mu ɗora a sikeli mu auna.

Labarin wasan na Yaƙin Duniya na Biyu ne, watau wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945. An kasa shi uku. Da fari mai wasa zai zama sojan Rasha, ya tsare Mosko a 1941, sa'an nan ya shiga kangayen birnin Sitalingirad. Daga nan sai ya zama sojan Ingila a hamadar Masar, inda Janar Montgomery ya karya rundunar Rommel a El Alamein a 1942. Daga ƙarshe ya zama sojan Amurka, ya sauka gaɓar Nomandi ta ƙasar Faransa ran 6 ga Yuni, 1944, ya yi ta kutsawa har ya ƙetare kogin Rhine.

Lalle masu wannan aiki sun cancanci yabo ta fuskoki da dama. Ba su mai da mai wasa wani sadauki mai gamawa da runduna shi kaɗai ba. Bindiga biyu kawai yake iya ɗauka, in harsashi ya ƙare sai ya tsinci ta wanda ya faɗi. Wanda ya miƙe tsaye a fili ba ya daɗewa. Tilas ya durƙusa bayan bango, ko ya ja ciki, ko ya jefa gurnetin hayaƙi ya rufe idon mai bindiga mai jigida kafin ya ƙetare titi. Abokansa kuwa suna kewaye da shi, suna kururuwa suna gaya masa inda abokan gaba suke. In ya harbi nasa da gangan, wasan ya tsaya, sai ya koma baya. Har wa yau akwai wurin da ake horon sabon sojan Rasha da jifan dankali maimakon gurneti, don gurneti ya yi tsada a ɓata shi wajen koyo. Wannan ɗan abu kaɗai ya isa ya nuna halin ƙunci da Rashawa suka shiga a shekarar nan.

To, amma akwai wani babban aibi, shi ne kuwa dalilin wannan rubutu. A wasan farko na 2003, in aka harbi soja ƙarfinsa yakan ragu, ba ya komowa sai ya sami akwatin magani. A wannan na biyu sai aka sake tsari. In harsashi ya same ka, gefen allo ya yi ja, numfashi ya yi nauyi. Ka laɓe bayan dutse na ɗan lokaci kaɗan, sai jan ya washe, ka tashi garau kamar ba abin da ya taɓa ka. In ma an kashe ka, ba a daɗe ba za ka ga ka tashi a wurin da ka wuce ɗazu, ka sake gwadawa, ko sau ɗari ne.

Bari mu gwada wannan da abin da ya auku na ainihi. A wasan akwai hawan dutsen Pointe du Hoc, inda sojan Amurka suka hau gangare mai tsawon kamar ƙafa 100 da igiya, Jamusawa na bisa suna harbinsu, don su lalata manyan igwa. Wasan ya bi tarihi har ya nuna cewa da suka hau ba su tarad da igwan a wurin ba, sai da suka bi sawu suka same su a ɓoye can ciki. Amma mutum kamar 225 ne suka sauka gindin dutsen nan, bayan kwana biyu waɗanda suka rage masu iya riƙe bindiga ba su wuce kamar 90 ba. Sauran ba wanda ya laɓe bayan dutse ya warke. Wasan ya kawo ƙarar igwa da ƙura da ruɗewa, ya bar gurgunta da makanta da marayu a waje. Ba a ganin asibiti, ba a ganin yunwa, mutanen gari ma da aka rushe wa gidaje da ƙyar ake jin ɗuriyarsu.

Wani giɓin kuma ya shafe mu. Ba a taɓa fagen Bama ba ko kaɗan, inda runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma, da Hausawa da yawa a cikinsu, suka yi yaƙi da Japan a cikin kurmi. Yaron da ya ɗauki tarihinsa daga wasan nan zai zaci kakanninsa ba su je ba.

Saboda haka hukuncinmu shi ne, a matsayin wasa ya ƙayatar, yana kuwa koya haƙuri da lura da taimakon juna. Amma kada mai karatu ya bar ɗansa ya ɗauke shi malamin yaƙi. Masu iya magana sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka, wannan wuta kuwa ta allo ce, ba ta ƙuna. In ka ga yaro ya zauna gabansa, ka tambaye shi ina sojan da suka faɗi a gefensa suka tafi, ka gaya masa su ba su tashi ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.