Manyan Baƙaƙe a Littattafan Koyar da Hausa: Sharhi Daga Makarantun Zangon Kataf

1.0 Gabatarwa

Darasin babban baƙi a littattafan firamare da ƙaramar sakandare yakan tsaya ne a kan muhallinsa, wato farkon jumla da sunan yanka da sunayen ranaku da watanni. A ganinmu wannan bai wadatar ba, domin an kula da inda baƙin zai zo, an manta da surarsa. Illar haka ta fi bayyana a yankunan da ake koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, kamar Zangon Kataf da Kafanchan.

2.0 Tushen Matsalar

Baƙaƙe masu ƙugiya sun sami gindin zama a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin Rupert East a Hukumar Talifi ta Zariya. Amma keken rubutu na Ingilishi ba shi da su, sai an bi da alƙalami an sa ƙugiyar. A kanun darasi kuwa, inda ake jera manyan baƙaƙe zalla, sau da yawa akan bar ta. Ta haka ƘASA take komawa KASA, ƘAFA ta koma KAFA. Kan darasin da aka rubuta KARIN MAGANA yana iya nufin zancen hikima, yana kuma iya zama ƙarin magana da ƙugiyarsa ta faɗi.

Ɗan Kano zai cike giɓin da kunnensa. Yaron Zonkwa da ya tashi da Tyap ko Jju a gida ba lalle ne ya iya ba, domin da yawa daga masu jin Hausar kasuwa ba sa bambanta k da ƙ a furuci. Littafi ne madogararsa. Idan littafin ya yi tuntuɓe, tare za su faɗi.

3.0 Wasu Kurakurai

Na farko, baƙi mai goyo: harafin farko kaɗai ke girma, a rubuta Tsafe da Shagari, ba TSafe ba. Na biyu, a kalmomi irin su 'Yan'uwa, y ce ke girma bayan alamar hamza. A Nijar kuwa Ƴ ake amfani da ita.

Na uku, manyan baƙaƙe masu gajeren tsayi, waɗanda maɗaba'u ke tsara taƙaitattun sunaye da ƙananan kanu da su. Nau'o'in rubutu da yawa ba su tanadi Ɓ da Ɗ da Ƙ a wannan siffa ba, sai kwamfuta ta aro su daga wani nau'in, su fito bare a cikin kalma.

Na huɗu ya shafi harsunan yankin. Rubutun Tyap da Jju yana sa layi a ƙarƙashin wasu wasula, kamar a A̱tyap da Ba̱jju. Malamin da ya ja layi a ƙarƙashin kan darasi a allo ya haɗiye wannan alama bai sani ba.

4.0 Shawarwari

Uzurin na'ura ya ƙare. Tun shekarun 1980 aka ƙera haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya da taimakon Hermann Zapf, kuma tsarin Unicode ya ƙunshi baƙaƙen Hausa manya da ƙanana tun farkon shekarun 1990. Saboda haka muna ba da shawarar:

(a) Manhaja ta ware darasin rubuta Ɓ da Ɗ da Ƙ da hannu, kowanne tare da ƙaraminsa.

(b) A rage kanu masu manyan baƙaƙe zalla a littattafan 'yan koyo, a yi amfani da rubutu mai kauri maimakon jan layi.

(c) Kada a amince da littafi sai an duba ƙugiyoyin bangonsa da kanunsa.

(d) Cibiyoyin horar da malamai, irin su Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, su sa wannan cikin darasin ƙa'idojin rubutu.

5.0 Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ya saba ganin KASA a bangon littafinsa, haka zai rubuta ta ranar jarrabawa, a kuma rage masa maki a kan kuskuren da littafin ne ya koya masa.