Jinjina ga masu tallabe bututun hayaƙi

Kafa sabon bututun hayaƙi a gidan burodi aiki ne da kowane mai walda zai iya. Gwanintar tana fitowa ne idan bututun ya riga ya tsaya, iskar damina ta fara kaɗa shi, mai gida kuma ya ce a tallabe shi da bango ba tare da an sauke shi ba, don tanda ba ta hutu.

Tsakanin bututun da bango, da ƙyar hannu ke shiga, balle injin huda. Sai gwani ya yanko ƙarfe mai faɗin da ya zarce bututun, yadda ramukan za su faɗo dama da hagu, ya zura shi ta baya, ya yi alama da alli. Yana ƙwanƙwasa bulo ya ji inda yake da ƙwari, domin noti ba ya kama rami. Ba ya sa roba kusa da zafi, narkewa take yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan sararin da yake bari a zoben da ya kewaye bututun. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗau zafi: kowace mita tana ƙaruwa da kusan milimita 1.2 in zafi ya hau da digiri 100. Wanda ya ɗaure tamau, mahaɗa za ta tsage, hayaƙi ya dawo kan masu kwaɓa fulawa.

Duk wannan a kan tsani yake yi, fuska cikin baƙin kunkunniya. Allah ya yi wa hannuwan nan albarka.