Kafin Kifi Ya Shiga: Gwanintar Rainon Ruwa

A wasu gidaje da ofisoshin Maitama, daga Titin Aguiyi Ironsi zuwa Titin Gana, za ka tarar da tankin gilashi cike da ruwa garau, ciyayi kore shar, fitila tana ci, injin tace ruwa yana ta aiki, amma ko kifi ɗaya babu. Baƙo yakan ce, "Ranka ya daɗe, ina kifayen?" Mai gidan da ya san kan abin sai ya ce ruwan bai nuna ba tukuna. Wannan amsa tana burge ni, domin wanda ya iya barin tanki mako huɗu zuwa shida babu kifi ya fahimci cewa akwai wasu halittun da ya wajaba ya fara kiwata, waɗanda ido ba ya gani.

Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta hanyar numfashinsa da kashinsa. A kogi ruwa yakan tafi da shi; a tanki kuwa ba shi da mafita, sai ya taru ya ƙone wa kifi wurin shaƙar iska. Masu kiwon tarwada sun san wannan wari. Maganinsa ƙwayoyin bakteriya ne kashi biyu. Na farko suna mayar da amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, yana hana jini ɗaukar iska har ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Na biyu suna mayar da naitirait zuwa naitiret, mai sauƙin illa, abincin ciyayi. Masanin nan ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya ware irin waɗannan ƙwayoyi a 1890, kuma a 1998 binciken Timothy Hovanec ya nuna cewa a tankunan ruwan daɗi ƙwayar da ake kira Nitrospira ce ke yin aiki na biyun.

To, gwani ba ya jefa kifi a matsayin zakaran gwajin dafi. Yakan ɗiga amoniya kaɗan, kamar kashi 2 cikin miliyan, ko ya jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe, sannan ya shiga awo da kwalaben gwaji. Amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya biyo baya, ruwan gwajin ya rine zuwa shuni mai duhu, ya daɗe a haka. A nan ne haƙurin mutane da yawa ke ƙarewa. Wanda ya ƙware yakan roƙi ɗan tsohon soso daga matatar tankin da ya daɗe yana aiki, ya saka a tasa, kamar yadda 'yar Fulani ke zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara don ta yi tsami da wuri.

Abuja tana da nata sharuɗɗan. Ruwan famfon da ke zuwa daga madatsar Usuma yana ɗauke da kulorin, kuma kulorin ba ya bambance ƙwayar cuta da ƙwaya mai amfani. Dole a kashe shi da magani kafin a zuba, kuma ba a wanke soson matata da ruwan famfo, sai da ruwan tankin. Zafin garin yana hanzarta haihuwar ƙwayoyin, amma yana ƙara wa amoniya dafi. Babban abokin gaba shi ne ɗaukewar wuta: in injin ya tsaya sa'o'i da yawa, ƙwayoyin da ke cikin matata sukan rasa iska. Shi ya sa masu hikima ke haɗa matatar da inbata ko sola tun ranar farko.

Ciyayin su ma suna taya aikin, don suna shan amoniya kai tsaye. Kainuwa, wadda muke gani a kududdufai ba mu kula ta, tana cikin mafi saurin tsotse ta. Akwai kuma Anubias barteri, ganyen da ake rububi a shagunan Turai da Japan, alhali asalinsa dazuzzukan Afirka ta Yamma ne, har da kudu maso gabashin Najeriya. An raɗa masa sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya bi tawagar bincike ta Baikie a Kogin Kwara. Ba a binne kaurin saiwarsa a ƙasa, ruɓewa yake yi. Ɗaure shi ake yi a jikin dutse ko itace. Idan gansakuka mai ruwan ƙasa ta lulluɓe gilashi a makonnin farko, gwani ba ya firgita, sai ya rage sa'o'in fitila ya goge.

Ranar da aka zuba amoniya, washegari awo ya nuna sifili, naitirait ma sifili, naitiret kuma ya bayyana, ruwa ya nuna. Sai a canza kamar rabinsa, a kawo kifi biyu ko uku kawai, a ba su mako guda ana awo kafin a ƙaro wasu.