Akushi da Mutum-mutumin Kirsimeti: Sharhi a Kan Masu Tara Kayan Sassaƙa

Sassaƙa sana'a ce daɗaɗɗiya a ƙasar Hausa, amma kuwa ba ta samu rabonta a wurin masu tara kayan fasaha ba. Dalilin haka zai fito fili in an kwatanta aikin masassaƙan Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, da na takwarorinsu na ƙasar Yarbawa.

A shekarar 1947 wasu limaman cocin Katolika, ciki har da Fada Kevin Carroll, suka buɗe wurin sassaƙa a Oye-Ekiti. A nan ne George Bandele da almajirinsa Lamidi Fakeye suka yi aiki, aka riƙa sassaƙa mutum-mutumin da ake jerawa lokacin Kirsimeti. Kyawun aikin shi ne ba a kwaikwayi Turawa ba: Maryamu ta fito da siffar Bayarabiya, masu hikima uku da suka zo daga gabas kuma suka fito da kambin sarakunan Yarbawa. Ko da yake an rufe wurin a 1954, ayyukan sun tsira a coci-coci da gidajen adana kayan tarihi, kuma kowa ya san sunan masu yin su. Carroll ya rubuta littafi a kansu a 1967. Fakeye, wanda shi Musulmi ne, ya rasu a 2009 yana da suna har Amurka.

Masassaƙin Tambuwal kuwa ba ya yin siffar mutum, domin addininsa da jama'arsa ba su yarda da ita ba. Da gatari da gizago yake fitar da turmi daga kututturen kirya, da allo daga icen aduwa, da taɓarya da kujerar mata da ƙotar fartanya da akushi. To, a nan ne masu tara kaya suka yi kuskure. Sun ɗauka fasaha tana ga fuska da hannuwa kaɗai, alhali tana ga daidaiton bakin akushi, da zanen da aka yi masa da ƙarfe mai zafi, da yadda turmi yake zama daram ba ya tangaɗi in ana daka.

Sai dai ba a cewa tafarkin Oye-Ekiti ba shi da aibu. Aikin da ya dogara ga mai saye guda, ranar da mai sayen ya janye hannu sai ya tsaya. Akushi kuwa uwar gida ce mai sukarsa: in ya tsage ko ya yi yoyo, ba za ta sake komawa wurin wanda ya yi shi ba. Wannan ma'auni ya fi na ɗan yawon buɗe ido tsanani.

Amma ma'aunin ya fara gushewa. Kwanon roba da na ƙarfe sun kori akushi daga gidaje da yawa, injin niƙa ya rage wa turmi aiki, manyan itatuwa kuma suna ƙarewa. Abin da ya kamata a ara daga Oye-Ekiti ɗaya ne: duk wanda ya sayi akushi don ya adana, ya rubuta sunan masassaƙin da garinsa da icen da ya yi amfani da shi. In ba haka ba, za a gaji kayan, a manta da hannun da ya yi su.