Tsoma, Ɗaga, Duba: Yadda Ake Gina Manhaja Zango-Zango

Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya san ba a jefa zane cikin rijiyar baba a tafi gida. Marini yana tsoma shi ne ya ɗaga, ya bari iska ta buge shi har koren nan ya rikiɗe ya koma shuɗi, ya duba, ya sake tsomawa. Idan mai kaya ya ce launin ya yi masa, sai a dakata. Allon da ke ƙofar wurin ya ce tun 1498 ake wannan sana'a.

Marina ce ta faɗo mini a rai ranar da na zauna da wasu samari biyar a wani ɗakin bene cikin birni, suna haɗa wa wani ɗan kasuwar Kurmi manhajar lissafin kayan fata. Salon aikinsu shi ake kira ajail. A da, mai buƙata yakan zayyana duk abin da yake so a takarda, a sa hannu, masu aiki su ɓace shekara guda, su dawo da abin da ya riga ya daina so. Wannan ciwon ne ya tara masana manhaja 17 a Snowbird ta jihar Utah a Amurka cikin Fabrairun 2001, suka fitar da gajeriyar sanarwa mai fifita manhajar da ke aiki a kan tulin takardu, da sauraron mai kaya a kan kafewa bisa tsohon shiri.

Samarin sun yanka aikin zango-zango, kowane zango mako biyu. A bango akwai allo mai gida uku: ba a fara ba, ana yi, an gama. Kowane ƙaramin aiki yana da katinsa, kuma ba a yarda katuna su cunkushe a gidan tsakiya ba. Sai ka gama na hannunka za ka ciro wani. Da safe sukan yi taron minti 15 a tsaye. Tsayuwar dabara ce, domin in Bakano ya samu tabarma, gaisuwa kaɗai sai ta cinye rabin awa. Kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da na yau, da abin da ya tokare shi.

Inda gwanintar take shi ne ƙarshen zango. Suka ɗauki waya da ɗan abin da ya fara aiki suka kai wa Alhajin nan na Kurmi rumfarsa. Ya danna nan, ya danna can, ya ɗago kai.

"Yara, ina gidan bashi? Ai rabin cinikina bashi ne. Mutanen Agadas sai sun sayar suke aiko da kuɗi."

"Baba, ba ka faɗa mana ba tun farko," in ji ƙaramin cikinsu.

"To ga shi na faɗa."

Babu wanda ya ɓata rai. Jagoransu ya rubuta "bashi" a sabon kati ya ɗora shi a saman jeri. Da sai bayan shekara aka ji wannan magana, da an rushe gini an sake.

Mutane kan ɗauka salon na 'yan kwamfuta ne kawai, alhali saiwarsa tana masana'antun ƙere-ƙere. Allon katunan nan, kanban, daga kamfanin Toyota ya fito, ƙarƙashin Taiichi Ohno. A 1986 kuma Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka suka yi nazarin yadda Honda da Canon ke ƙera sabbin kaya, suka kwatanta ma'aikatan da 'yan wasan rugbi masu tafiya a dunƙule. Daga nan Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka samo sunan tsarinsu na sikram, wanda suka gabatar a 1995. Sai dai ƙera kaya ba kamar manhaja ba ne: mai haɗa inbata ba ya iya sauya allon lantarkin da ya riga ya narka wa dalma cikin dare ɗaya, don haka yakan fara da samfuri mai araha, zangonsa kuma ya fi tsawo.

Na ga wuraren da aka kafa allo, ana taron tsaye, amma oga ne ke raba katuna yana tuhumar kowa. Wannan kwaikwayo ne. Su waɗannan samarin, da suka dawo daga Kurmi, sun zauna kan shayi suna tambayar juna me ya tafi daidai, me za a gyara. Suka amince daga yanzu ɗayansu zai riƙa wuni a rumfar Alhaji kowace Laraba, yana kallon yadda yaron shago ke rubuta bashi a littafi.