Gwanin da Ke Barin Hannunsa a Aljihu

Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, don haka duk wanda ya samu gurbin karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ya taɓa zama gaban na'urar. Amma danna A ko B daban, sa kwamfuta ta yi maka aiki daban. Yaro ya zo da burin ƙirƙirar manhaja, sai ya tarar lissafi da fiziks sun cinye masa zangon farko, a zauren da malami ba zai taɓa sanin sunansa ba. A sakandare ana binsa da bulala ya yi karatu. A nan ba mai tambayarsa.

Wanda ke ceto irin waɗannan yara sau da yawa ɗan aji uku ne ko huɗu, mai yi musu tutoriyal da yamma ba tare da ko sisi ba. Na daɗe ina jinjina wa na ƙwarai a cikinsu, kuma alamarsa ɗaya ce: ba ya ƙwace madannai.

Sabon ɗalibi ya rubuta 'yan layuka a Python, jan rubutu ya fito, gabansa ya faɗi. Gyaran ba zai ɗauki gwanin daƙiƙa goma ba. Sai ya danne zuciyarsa ya ce, "Ƙanena, karanta min layin ƙarshe. Me ta ce? A layi na nawa?" Da kansa yaron zai gano ya sa alamar daidai guda ɗaya inda ake bukatar biyu, ko ya manta ƙirga daga sifili take farawa. Daga ranar ya daina tsoron jan rubutu.

Wanda ba shi da laftof kuwa, takarda da biro ake ba shi, ya zana jadawali ya bi shirin layi-layi yana rubuta yadda kowace ƙima ke canzawa. Wannan ba rage zafi ba ne, domin akwai jarrabawar jami'a da a takarda ake yin ta.

Kuma gwanin ba ya ɓoye maganar maki: kasa kai 40 a kwas yana jawo kariyoba, sifilin makin da faɗuwar ke jawowa kuma yana bin mutum cikin lissafin sakamakonsa har aji huɗu. Tun makon farko yake faɗa, lokacin da faɗar ke da amfani.