SHARHIN FIM: 'Shaihu Umar' da malaman ƙarshen fim

Mai karatu, na san ka san malamin da nake nufi. Shi ne wanda ake ajiyewa sai saura minti biyar fim ya ƙare, bayan an sha rawa da waƙa da kishi da saki, sannan a shigo da shi da rawani da carbi, ya tara kowa a falo ya yi nasiha, kowa ya sunkuyar da kai ya ce ya tuba. Shi ke nan, furodusa ya ce fim ɗinsa ya faɗakar. Tun zamanin kaset muke fama da malamin nan, kuma har yau bai bar mu ba a finafinai masu dogon zango da matasan Rijiyar Lemo ke kallo a waya.

To, akwai wani tsohon fim da ya kamata 'yan fim ɗinmu su zauna su yi karatu a gabansa, wato Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. An ɗauko labarin ne daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta don gasar da aka shirya a Zariya a 1933, lokacin yana malamin makaranta, tun kafin ya zama Firayim Minista. Fim ɗin ya daɗe a ɓace, sai a 2016 aka gano shi, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.

Shi ma malami ne jigon labarin, amma dubi inda aka ajiye shi. Da shi aka buɗe. Almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa bai yi musu wa'azi ba, sai ya ba su tarihinsa: maraya ne, an raba shi da mahaifiyarsa yana yaro, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama limami. Ka tuna fa yadda muke da maganar asali a ƙasar nan, inda ake fasa aure a kanta. Babban malami ya zauna gaban ɗalibansa ya ce shi an taɓa bautar da shi! Wannan kaɗai ya koyar da gaskiya da tawali'u fiye da nasihar falo goma.

Haka batun shugabanci. Makau, mijin mahaifiyar Umar, bafade ne amintacce. Hassada ta sa 'yan'uwansa fadawa suka yi masa sharri, sarki ya kore shi daga gari. Ba wanda ya juyo ya kalli kyamara ya ce shugaba ya riƙa bincike kafin ya yanke hukunci. Kai da kanka za ka ga yadda hukunci ɗaya ya tarwatsa gida guda, ya jefa yaro da uwarsa cikin bauta. Duk mai riƙe da jama'a, ko shugaban 'yan kasuwa ne a Sabon Gari ko mai kamfanin fim, ya ga kansa a nan.

Amma fa ba a rasa nono a ruga, kuma ba a rasa ƙuda a nono. Babban abin da ya dame ni shi ne yadda labarin ya yi wa cinikin bayi sassauci. Abdulkarim mutumin kirki ne ga Umar, gaskiya ne, to amma da wace sana'a yake ci? Sauran yaran da aka kora cikin Sahara, waɗanda ba su dace da ubangida mai tausayi ba, ina labarinsu? Mahaifiyar Umar ita ta biya bashin duka: ta fita neman ɗanta, aka bautar da ita, ba ta gan shi ba sai dab da ajalinta. Duk da haka darajar haƙuri Shaihu aka ba, ita kuwa aka bar ta da hawaye. Mu mutanen Fagge, inda ayarin Sahara ke sauka a da, bai kamata mu kalli wannan kamar labarin wata ƙasa ba. Sannan fim ɗin ya haura awa biyu, tafiyarsa a hankali take, wanda ya saba da yanke-yanken zamani sai ya daure.

Ko da wannan rauni, darasinsa ga masu sana'ar a fili yake. Hali ba a baki ake nuna shi ba, a aiki ne da abin da aikin ya haifar. Marubucin da ya gina labarinsa da kyau ba ya bukatar aron malami ya share masa ɓarnar da ya yi awa biyu yana tallatawa. In ka samu damar kallonsa, mai karatu, kada ka bari ta wuce ka. In ba ka samu ba, nemi littafin, ɗan ƙarami ne, zama ɗaya ya ishe ka.